Asid Ke Zuwa Gidan Ruwa, Ruwa Ba Ya Zuwa Gidan Asid

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai ƙosai da safe ya san abin da ke faruwa idan ɗigon ruwa ya faɗa cikin man da ke kan wuta. Nan take za a ji tas-tas, mai ya fallatso, kowa ya ja da baya yana kare fuska. Amma da za a ɗebi cokali guda na wannan man a zuba cikin bokitin ruwan sanyi, da ɗan cuu kawai za a ji, shi ke nan. Man dai shi ne, ruwan ma shi ne. Abin da ya canza kawai shi ne wanda ya je ya tarar da wani.

Irin wannan ce ta sa malaman kemistiri a ko'ina cikin duniya suke nanata doka guda ga ɗalibansu: idan za a sirka asid mai ƙarfi, asid ɗin ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba a zuba ruwa cikin asid. Ɗalibai da yawa sun haddace dokar don cin jarrabawa, amma ba su san dalilinta ba. Dokar da ba a san dalilinta ba kuwa, ita ake fara mantawa ranar da ake sauri. Kuskure ɗaya a nan yana iya raba mutum da idonsa har abada, don haka bari mu bi maganar dalla-dalla.

Wane asid ake nufi?

Ba kowane asid ne abin tsoro ba. Tsamin lemon tsami asid ne, tsamin tsamiyar da ake kunu da ita asid ne, haka ma tsamin nonon da ake dama fura da shi. Waɗannan masu rauni ne, kullum muna cin su muna sha. Waɗanda muke magana a kansu su ne manyan nan uku da ke cikin kabad ɗin ɗakin gwaje-gwaje na makaranta: salfurik, haidurokulorik da naitirik.

Akwai kalmomi biyu da ɗalibai kan rikita, wato ƙarfi da kauri. Asid mai ƙarfi shi ne wanda idan ya shiga ruwa kusan dukkan ƙwayoyinsa ke rabuwa su saki haidurojin ɗinsu. Wannan halinsa ne, ba ya canzawa. Kauri kuwa magana ce ta yawan asid ɗin da ke cikin kwalba idan an kwatanta da ruwan da ke tare da shi. Salfurik da aka sirka sosai har yanzu mai ƙarfi ne, sai dai ba mai kauri ba. Haɗarin da muke magana yana tasowa ne idan abu biyun suka haɗu, ga ƙarfi ga kauri.

Salfurik mai kauri kashi 98 cikin 100 tsantsar asid ne. Ba shi da launi, yana da yauƙi kamar man gyaɗa, shi ya sa Larabawa ke kiran sa zaituz-zaj, wato man zaj. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo 1 ne, amma lita ɗaya ta wannan asid ta kai kilo 1.84. Ku riƙe wannan adadi, za mu dawo kansa. Haidurokulorik mai kauri bai wuce kashi 37 cikin 100 ba, naitirik kuwa kimanin kashi 68 zuwa 70, sauran duk ruwa ne. Tun da su biyun sun riga sun sha ruwa tun daga masana'anta, zafin da suke fitarwa bai kai na salfurik ba, amma suna fitar da hayaƙi mai ƙona hanci da huhu. Dokar dai ɗaya ce a kansu duka.

Daga ina zafin yake fitowa?

A nan ne misalin mai ƙosai ya tsaya. Man suya wuta ce ta ɗora masa zafi. Shi kuwa asid, idan aka taɓa bayan kwalbarsa za a ji ta da sanyi kamar kowace kwalba. Ruwan ma mai sanyi ne. To ta yaya sanyi da sanyi za su haifi zafin da ya isa tafasa ruwa?

Amsar tana cikin ƙwayoyin da ido ba ya gani. Kowace ƙwayar salfurik, H₂SO₄, tana ɗauke da haidurojin biyu da take iya saki. Da ta haɗu da ruwa sai ta miƙa masa na farko:

H₂SO₄ + H₂O → H₃O⁺ + HSO₄⁻

Daga nan sai sauran ƙwayoyin ruwa su yi caa su kewaye waɗannan sababbin ƙwayoyi masu caji, su manne musu. Ƙa'ida ce a kemistiri cewa raba ƙwayoyi yana cin makamashi, ƙulla su kuma yana sakin makamashi. A wannan haɗuwa, abin da ake saki ya fi abin da aka ci nesa ba kusa ba, kuma rarar ce ke fitowa a matsayin zafi.

Ƙishirwar ruwa da salfurik ke da ita ta wuce misali. Idan malami ya zuba shi a kan sukari, sai ya zare haidurojin da iskar oksijin da ke jikin sukarin a matsayin ruwa, ya bar baƙin gawayi yana kumbura yana tururi. Abin da yake yi wa takarda da auduga ke nan, kuma shi yake yi wa fatar mutum. Ƙunarsa biyu ce a lokaci guda: yana cin nama, yana kuma dafa shi da zafin da ya fitar.

Abin da Hess ya gano

Wani masani mai suna Germain Hess, wanda aka haifa a Janeba a 1802 amma ya yi aikinsa a birnin San Fitasbag na Rasha, ya ɗauki lokaci yana auna zafin da ke fita idan an haɗa sinadarai, ciki har da salfurik da ruwa. A 1840 ya bayyana abin da a yau ake kira dokar Hess, wadda ɗaliban kemistiri na babbar sakandare ke karantawa: jimillar zafin da ke fita ba ta damu da hanyar da aka bi ba, muddin mafari ɗaya ne, ƙarshe ɗaya ne.

Ma'anar wannan ita ce, ko asid aka zuba cikin ruwa ko ruwa aka zuba cikin asid, idan adadinsu bai canza ba, zafin da zai fita a ƙarshe daidai yake. Dokar malamanku ba ta rage zafin ko kaɗan. Abin da take yi shi ne zaɓar wanda zai ɗauki zafin, da wurin da zai fita, da kuma saurin fitarsa.

Mu yi lissafi

Ɗauki giram 98 na salfurik, wato mol ɗaya, kimanin mililita 54. Idan aka zuba shi a hankali cikin lita ɗaya ta ruwa, zai saki zafi kimanin kilojul 73. Kun sani daga darasin fiziks cewa ana bukatar jul 4.2 kafin a ɗaga zafin giram ɗaya na ruwa da digiri ɗaya. Lita ɗaya giram 1,000 ce, don haka kowane digiri ɗaya zai ci jul 4,200. Raba 73,000 da 4,200, za ka samu kimanin 17. Ruwan da ya fara a digiri 30 zai tsaya wajen digiri 47, kamar ruwan wankan hunturu da ba a gama sirkawa ba. Kofin zai yi zafi a hannu, amma babu abin da zai tafasa.

Yanzu mu juya. Ga giram 98 na asid a cikin kofi, wani ya zuba masa ruwa giram 18, wato abin da ya ɗan fi babban cokali ɗaya. Wannan ɗan ruwan kaɗai zai sa a saki kilojul 28. Nawa ake bukata kafin giram 18 na ruwa ya tashi daga digiri 30 zuwa 100? Ninka 18 da 4.2 da 70, za ka samu kimanin kilojul 5. Ke nan zafin da ya fita ya ninka abin da ake bukata fiye da sau biyar. Ruwan zai tafasa kafin ƙiftawar ido.

Abubuwa uku ne suka taru suka sa hakan ya zama bala'i. Na farko, nauyi. Tun da asid ya kusa ninka ruwa nauyi, ruwan da aka zuba ba ya nutsewa, sai ya kwanta a sama. Duk zafin sai ya taru a wannan siririn shimfiɗi na sama, daidai inda fuskar mai zubawa take. Na biyu, asid ba ya iya shanye zafi kamar ruwa. Abin da giram ɗaya na salfurik ke iya ɗauka bai wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da ruwa ke ɗauka ba, don haka nan da nan yake ɗaukar zafi. Na uku, tafasa. Salfurik ba ya tafasa sai ya haura digiri 300, ruwa kuwa a 100 yake tafasa, kuma idan ya zama tururi girmansa kan ninka kusan sau 1,700. Wannan tururin ne ke tashi da ƙarfi ya watso asid mai kauri, mai zafi, a fuska da hannu. Wani lokaci ma kofin ne ke tsagewa saboda zafin da ya same shi farat ɗaya.

Idan kuwa asid ne ya je gidan ruwa, duk abubuwan nan uku sai su koma taimako. Nauyinsa zai sa ya nutse ya ratsa ruwan yana gauraya. Ruwa mai yawa zai rarraba zafin ya shanye. Ko da wani abu ya fallatso, mafi yawansa ruwa ne.

Yadda ake yi a ɗakin gwaji

Sirka asid mai kauri aikin malami ne ko ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje. Asid ɗin da ake ba ku a jarrabawar gwaji ta WAEC ko NECO an riga an sirka shi ƙwarai kafin ya iso teburinku. Duk da haka, wasunku za su karanci kimiyya a jami'a, wasu za su yi aikin asibiti ko masana'anta, don haka yana da kyau ku san tsarin tun yanzu.

Ana farawa da lissafi a takarda, da ƙa'idar nan da kuka sani: C₁V₁ = C₂V₂. A ce ana son lita ɗaya ta salfurik mai mol 1 a kowace lita. Mai kaurin yana da kimanin mol 18.4 a lita. Sai a ce 18.4 × V₁ = 1 × 1,000, V₁ ya zama kimanin mililita 54.

Sai shiri. A sa tabarau na kariya mai rufe gefen ido, domin gilashin karatu ba ya wadatarwa. A sa safar hannu ta roba mai jure sinadari, da rigar ɗakin gwaji, da takalmi rufaffe, ban da silifa. 'Yan mata su cusa gefen hijabi cikin riga don kada ya share kwalba ko ya tsoma cikin kofi. A buɗe tagogi, a kuma tabbatar akwai ruwa mai yawa a kusa kafin a buɗe kwalbar. Inda famfo ba ya kawo ruwa, a cika bokitai a ajiye.

Daga nan a zuba ruwa kimanin mililita 700 cikin kofin gilashi mai faɗin baki, irin wanda ke jure zafi, a dasa shi cikin roba mai ruwan sanyi. A auna asid ɗin, a riƙa tsiyaya shi kaɗan-kaɗan ta jikin sandar gilashi ana juyawa. Idan kofin ya yi zafi, a dakata ya huce. Sannu ba ta hana zuwa. Bayan an gama kuma ya huce sarai, sai a juye cikin kwalbar awo, a cika da ruwa zuwa layin lita ɗaya. Wannan ƙarin ruwan na ƙarshe bai karya doka ba, domin a lokacin asid ɗin ya riga ya sirku, ya gama fitar da mafi yawan zafinsa. A ƙarshe a rubuta suna da kauri da kwanan wata a jikin kwalbar.

Abubuwa uku ba a yin su ko da wasa: ba a zuƙo asid da baki ta bututun awo, ba a haɗawa a cikin kwalba mai ƙaramin baki ko a toshe ta tana da zafi, ba a kuma leƙa kofi daga sama.

To mai cajin batir fa?

Wani ɗalibi zai ce, ai kullum yana ganin mai cajin batir a bakin tasha yana ɗura ruwa cikin batirin mota, kuma babu abin da ke fashewa. Gaskiya ne. Ruwan batir salfurik ne, amma wanda aka riga aka sirka, kimanin kashi ɗaya cikin uku ne asid, sauran ruwa. Irin wannan batir na dalma da asid wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ne ya ƙirƙiro shi a 1859, kuma har yau shi ne a cikin motoci da yawancin batiran sola na gidajenmu. Yayin caji, ruwan ne ke raguwa, asid ɗin yana nan. Shi ya sa tataccen ruwa ake ƙarawa, ba asid ba, ba kuma ruwan rijiya ba, saboda gishirin da ke cikinsa yana lalata batir. Amma ranar da mai sana'ar zai haɗa sabon ruwan batir daga asid mai kauri, dokar ta hau kansa kamar kowa. Kuma ko sirkakken yana huda tufafi yana makantarwa. Batirin da ke kan caji yana fitar da iskar haidurojin mai kamawa da wuta, don haka ba a kusantarsa da ashana ko taba.

Dokar ta shiga har cikin gida. Iyayenmu mata masu haɗa sabulu suna aiki da soda. Ita ba asid ba ce, kishiyarsa ce, amma ita ma giram 40 nata kan saki kimanin kilojul 44 idan ta narke. Sodar ake barbaɗawa cikin ruwa kaɗan-kaɗan, a cikin roba mai kauri, ba a tukunyar alminiyam ba, domin tana cin ta. Ruwan soda da ruwan batir duk kama suke da ruwan sha, saboda haka kada a taɓa zuba su cikin gorar ruwa ko kwalbar lemo. Yara ƙanana da dama sun sha irin wannan bisa kuskure, maƙogwaronsu ya ƙone ya tsuke. Haka kuma wasu magungunan wanke masai suna ɗauke da haidurokulorik. Haɗa su da bilic yana fitar da iskar kulorin mai guba.

Idan tsautsayi ya faru

Idan asid ya zuba a jiki, magani na farko ruwa ne, mai yawa, nan take. Kada dokar da muka koya ta sa wani ya yi jinkiri. Ɗan ruwa kaɗan ne ke da haɗari, amma ruwa mai yawa da ke kwarara yana wanke asid ɗin ya tafi da zafin gaba ɗaya. A ci gaba da kwarara ruwa aƙalla minti 20, ana cire tufafi da agogo da zoben da abin ya taɓa. Idan ido ne, a buɗe fatar idon da yatsu, a karkata kai yadda ruwan ba zai gangara cikin ɗaya idon ba. Wani ya ruga ya kira malami, wani ya ci gaba da zuba ruwa, sannan a nufi asibiti da sunan sinadarin.

Kada a shafa manja, ko man goge baki, ko ɗanyen ƙwai, ko toka. Kada kuma a ce za a kashe asid ɗin da kanwa ko soda a kan fata, domin haɗuwar asid da kishiyarsa ma zafi take fitarwa, sai a ƙara ƙuna a kan ƙuna. Idan wani ya haɗiya, kada a sa shi amai, saboda abin zai sake ƙona maƙogwaro a hanyar fitowa. A kurkure baki a garzaya asibiti. Wanda ya zube a ƙasa kuwa, a matsa a bar wa malami, shi ya san yadda zai tare shi da yashi ya kashe shi da garin bekin soda.

Salfurik ba abokin gaba ba ne. Fiye da rabin wanda ake yi a duniya yana tafiya ne wajen haɗa takin zamani, har da takin supa da manomanmu ke sa wa gyaɗa. Haidurokulorik ma yana cikin tumbin kowannenmu yana taya mu narkar da tuwo. Abin da suke bukata kawai shi ne a san halinsu.

Ga aikin gida. A wannan mako, idan kun shiga ɗakin gwaje-gwajen makarantarku, ku duba abu uku: ina ruwa mafi kusa yake, kuma yana zuwa? Akwai tabarau na kariya da za su ishi masu aiki? Kowace kwalba da sunanta a jiki? Idan ɗaya ya ɓace, ku sanar da malaminku cikin ladabi, ko ku kai maganar ƙungiyar ɗaliban kimiyya ta makarantarku. Sannan ku samu kwali ku rubuta da manyan baƙaƙe, ku manna a saman wurin wanke hannu inda kowa zai gani: asid ke zuwa gidan ruwa, ruwa ba ya zuwa gidan asid.